Zancen Gida da Gona: Su a Cikin Hunturu

Ga hunturu ya kama. An gama girbi, dawa ta shiga rumbu, yara kuma sun sami hutun makaranta. To, ku lura da su. Gari na wayewa za ku ga sun sulale da sanda da zare da gwangwanin tana, sun nufi bakin ruwa.

Kakanninmu ba su saba da wannan ba. Kogunanmu na arewacin Kano, watau Tomas da Gari da Jakara da Watari, kogunan rairayi ne. Da damina sukan cika su tumbatsa, kaka na wucewa sai su janye, su bar guraben ruwa nan da can. In gurbi ya ƙafe, sai a haƙo gaiwa daga cikin busasshen taɓo, shi ke nan. Aikin madatsun ruwa da Gwamna Audu Bako ya sa hannu a kai, sa'ad da ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya kawo sauyi. Mutumin Dambatta ko na Bagwai ko na Wasai ya sami ruwa mai kwana shekara, da karfasa da tarwaɗa a ciki.

Amma yaro yakan fita tun asuba yana rawar ɗari, ya komo hannu wofi, ya ce ba shi da sa'a. Ba sa'a ba ce. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa kamar mu, zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. A Disamba da Janairu sanyin dare a Kano yakan sauko wajen digiri 13, karfasa kuwa in ruwa ya yi ƙasa da digiri 17 ko kusa da haka, takan daina cin abinci. Saboda haka lokacin fatsa a hunturu daga hantsi ne zuwa la'asar, bayan rana ta taɓa ruwa. A sa ƙaramar ƙugiya, da ɗan guntun tana ko gara, a bar shi ya nutse a hankali inda ruwa yake kwance. A kuma zauna kurum, gama laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Abin mamaki, haka nan ake yi a ƙasashen ƙanƙara. A kogunan duwatsu na Turai da Amurka akwai wani kifi da suke kira tirawut, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi. Da yawa daga masu kama shi ba sa sa tana. Sukan naɗa gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, su wurga. Da sanyi su ma sai tsakar rana suke fita, da ƙwaron da bai kai ƙwayar wake ba, su nemi gurbi mai zurfi. Mutum ya yini cikin ruwa har gwiwa, ya kama uku, sau da yawa ma ya mayar da su. Kai, in an gaya wa masuncinmu wannan, sai ya riƙe baki! Amma akwai abu guda da ya kamata mu ɗauka. A Ingila doka ta hana kama wannan kifi a koguna daga wajen Oktoba zuwa Maris, domin a lokacin yake yin ƙwai.

A nan ne zancen ya zo kanmu. Mai fatsa kifi ɗaya yake ɗauka a jefa ɗaya, ƙugiya kuwa ba ta shiga bakin ɗan tsurut. Ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne gidan sauro. Tun 2009 da aka soma raba shi kyauta gida gida a Jihar Kano, mun sha ganin yara biyu sun kama bakinsa suna ja a gefen ruwa cikin ciyawa. Wurin nan kuwa nan ne 'ya'yan kifi suke fakewa. Waɗanda aka ƙyanƙyashe da daminar da ta wuce, su ne za su yi ƙwai in ruwa ya yi ɗumi. Uwar karfasa takan riƙe ƙwanta a baki wajen mako biyu ba ci, don ta tsirar da su. Sai ga shi an kwashe su cikin kwano guda, ba su ko isa miyar dare ɗaya ba. Hudar gidan sauro ba ta barin kome ya wuce. Bayan haka, maganin da aka jiƙa shi da shi domin sauro dafi ne ga kifi, wanke shi da ruwan dam kuma yakan rage masa ƙarfi. An yi hasarar kifin baɗi, ƙanen da zai kwana a ciki kuma an bar shi ga cizon sauro.

Kada mu ɗora wa yara laifin duka. Mu ne muke karɓar kwanon, mu ce madalla, mu soya.

Ba mu ce a hana su zuwa su ba, in dai da babba a kusa, kuma daga gaɓa suke jefawa ba shiga ruwa suke yi ba, saboda tsargiya. Iyaye mata, ku ƙirga gidajen sauronku yau da dare. Iyaye maza, ran kasuwa ku sayo ƙugiya da zare, ba su da tsada. Ku kuma ba yaro ma'auni wanda ba zai manta da shi a gida ba: karfasar da ba ta kai tafin hannun babansa ba, ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar a hankali, ya mayar da ita ruwa.