Gaisuwa Ma Aiki Ce

A Kasuwan Magani, cikin ƙaramar hukumar Kajuru, mutumin Adara da Bahaushe da Bafillace ba su fara ciniki sai an gaisa, an tambayi gida da damina. Amma abin mamaki, wasu samarin can masu aikin tsara manhajar kwamfuta a Yaba ta Ikko, da sun shiga ofis sai su kame baki, don tsoron kuskuren Turanci.

Wannan hasara ce babba. Wanda ba a san muryarsa ba, ba a tunawa da shi ran ƙarin girma. Kuma ba dogon Turanci a ke nema ba. Tambayar cunkoson hanya, da ƙwallon jiya, da lafiyar yara, ta wadatar.

Lalle ne su saki baki. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.