Hana Nokawut Daidai Ne, Amma Wutar Fadama Fa?



Hunturu ya kankama, ciyawa ta bushe ƙayau, an gama girbi an jibge kara da harawa a bayan gidaje da bakin gonaki. A irin wannan lokaci, da kuma duk sanda Sallah ta gabato, 'yan sanda kan fitar da sanarwar hana wasa da nokawut da sauran kayan tartsatsin wuta. A karanta a rediyo, a yaɗa a Facebook, da daddare kuma a ji tas-tas a lungu kamar ba a ce komai ba. Mu a ƙungiyance muna goyon bayan wannan hani. Abin da muke gani shi ne an tsaya a kan ƙaramar wuta, babbar kuwa ba mai zancenta.

Bari mu fara da ƙaramar. A jihar Yobe ƙarar fashewa ba wasa ba ce. Duk wanda ya ga shekarun tashin hankali, tun daga harin Damaturu na Nuwamban 2011 zuwa abin da ya biyo baya, ya san yadda gaba ke faɗuwa idan wani abu ya fashe cikin dare. Akwai tsofaffi masu hawan jini, akwai waɗanda suka yi gudun hijira suka zauna a cikinmu. Ga dangar zana, ga rumfar kara, ga 'yan bumburutu da jarkokin fetur a bakin titi. Amma yaro ɗan shekara 10 ba shi ya ƙera nokawut ba. A kwali ake shigo da shi kasuwa, babban mutum ne ke sarowa, babban mutum ne ke sayarwa. Bin yara da bulala a lungu wahala ce kawai. A zauna da shugabannin 'yan kasuwa a daina shigo da kayan, magana ta ƙare. Wasu daga cikin membobinmu sun kawo shawarar a ware wa yara fili guda nesa da gidaje su yi wasansu a can. Ba mu karɓa ba, domin muddin hanin 'yan sanda na nan, ba wata ƙungiya ko mai unguwa da ke da ikon halatta abin da aka hana.

Babbar wutar tana fadama. Mutane da yawa a cikinmu ba su san cewa muna zaune ne a bakin gandun daji na ƙasa ba. Gandun Chad Basin, wanda aka kafa a 1991, sassa uku gare shi: Chingurmi-Duguma a Borno, Bulatura a Yusufari, sai namu na Bade-Nguru, wanda ya haɗa da tafkin tsuntsaye na Dagona kusa da Gashuwa. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da ƙafarsa a 1989 don ganin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wurinmu. Watannin da suke nan su ne daidai watannin da muke cinna wuta.

Doka kuwa akwai ta. Dokar hukumar gandun daji ta ƙasa ta 1999 ta hana kunna wuta a cikin gandu, kuma a 2011 an fitar da ƙa'idojin hukumar NESREA kan ƙona daji da ƙone-ƙone a fili, waɗanda suka ce sai da izini. To amma wa ya taɓa karanta wa manomin Dagona ko na Dumsai waɗannan takardu? Kuma ko an karanta masa, zai bar gonarsa ya tafi ofis neman takarda kafin ya ƙona sharar gona? Mun san amsar.

Kafin mu zargi kowa, mu duba dalilin da ya sa ake ƙonawa. Manomi yana so ya share gona da wuri. Makiyayi yana so sabon toho ya fito wa dabbobinsa. Masunci yana bandar kifi a bakin ruwa, kuma ba a banda sai da wuta. Samari suna korar gafiya da zomo, su ne ma suka fi ba mu tsoro, don su kan cinna su bi nama su bar wutar da iska. Sai kuma kachalla, wadda ita ce uwar matsalar. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya canza. A da ruwa ya zo da ƙarfi ya tafi, fadama ta bushe. Yanzu a wasu mashigai ruwa na kwance shekara zagaye, kachalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyar kwalekwale, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama makwancin jan baki mai cinye gero da dawa. Wanda kachalla ta ƙwace wa gona, idan ka ce masa kada ya ƙona ta, kallon mahaukaci zai yi maka, kuma yana da hujjarsa.

Sai dai wuta ba ta kashe kachalla. Ganyen sama take ci, saiwar tana nan a cikin laka, bayan 'yan makonni ta sake fitowa shar. Abin da ke karya ta shi ne a yanke ta ƙasa da saman ruwa yadda ruwan zai rufe kututturen, saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Aiki ne mai wuya, sai da gayya, shi ya sa ashana ta fi farin jini. Wutar kuma ba ta san iyakar kachalla ba. Ta tsallaka ta ci harawar maƙwabci, ta ci ciyawar da shanu za su ci har bazara, ta ƙone ƙananan goriba da kabar da matanmu ke saƙa tabarma da faifai da ita. Makiyayin da ya tarar da makiyayarsa ta zama toka, gonar rani ta wani zai nufa, daga nan kuma sai a ji an kai ƙara gaban bulama, idan ma Allah Ya sa abin ya tsaya a ƙara. Motar kashe gobara kuwa ba ta shiga laka.

Ra'ayinmu shi ne a sauko da dokar daga takarda zuwa hannun waɗanda ake jin maganarsu: lawanai, bulamomi, sarakunan ruwa, da ardo-ardon Fulani. Duk mai son ƙona gona ko kachalla ya sanar da bulama da maƙwabtan gonarsa kwana guda kafin nan. Ya share gefe ya bar fili tsakanin abin da zai ƙona da na mutane. A cinna da yamma lis ko da sassafe lokacin da iska ta kwanta, ba da rana tsaka ba, kuma kada ya bar wurin sai wutar ta mutu murus. Wanda wutarsa ta ci kayan wani ya biya, ko ɗan wane ne. Wutar farauta kuwa a hana ta gaba ɗaya. Gafiya ɗaya ba ta kai damin harawa ba, balle gona guda. A cikin iyakar gandu babu zancen izinin bulama, wannan hurumin ma'aikatan gandun ne, kuma ya kamata su zo majalisar ƙauye su nuna wa mutane inda iyakar take, domin da yawa ba su sani ba.

Mun yanke shawarar rubuta wa masarautun Bade da Nguru wasiƙa a kan wannan, mu kuma roƙi limamai su taɓo maganar a huɗubar Juma'a kafin watan Janairu, lokacin da iska ke ƙara ƙarfi. Membobinmu da ke ƙauyukan bakin ruwa, ku kawo wa sakatariya sunayen mashigan da aka fi cinna wa wuta a yankinku, don mu sa su a cikin wasiƙar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya.