Ra'ayinmu: Allon Wasa da Aljihun Ɗalibi

A 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin ƙananan ma'aikata, watau maganar allon kwamfuta mai saurin sabunta hoto. Duk inda samari masu sha'awar wasan kwamfuta suka haɗu, sai ka ji ana kiran lambobi kamar ana cinikin shanu a kara: wannan ya ce nasa 144, wancan ya ce in ba 240 ba ai ɓata lokaci ne, wani kuma ya ce ya ji labarin mai 360. Wanda ke da allo mai 60 kuwa sai ya ja bakinsa ya yi shiru, kamar ya yi abin kunya. Mun ga ya dace mu ce wani abu a kan wannan al'amari, domin kuɗin da ke tafiya a cikinsa ba na wasa ba ne, kuma mafi yawansa daga gumin iyaye ya ke fitowa, ko daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba.

Tun da farko muna so a san cewa ba mu cikin masu ganin wasan kwamfuta shiririta ce tsagwaronta. Ɗalibin da ya wuni a laccoci da ɗakin karatu yana da hakkin ya huta, kuma wasan ya riga ya zama sana'a a wasu ƙasashe, har an ba da lambobin yabo a kansa a gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a birnin Hangzhou na ƙasar Sin a 2023. Abin da ya dame mu shi ne yadda 'yan uwanmu ke sayen lamba ba tare da sun san ma'anarta ba. Mai ilmi bai kamata talla ta ja shi da hanci ba, balle wanda ake sa ran gobe shi zai riƙa sa hannu a takardun sayen kayan gwamnati.

To, mece ce wannan lamba? Hoton da mu ke gani yana motsi a allo jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri har ido ya ɗauke su abu guda mai tafiya. Fim ɗin silima hotuna 24 ya ke nunawa a kowane sakan. Lambar da ake rubutawa da Hz, wadda aka sa wa sunan masanin nan Bajamushe Heinrich Hertz, ita ce yawan sabunta hoton da allo ke yi a sakan ɗaya. Allo mai 60 ya kan sauya hoto sau 60 a sakan, watau kowane hoto ya kan zauna milisakan 16.7, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A allo mai 144 zaman hoton ya kan ragu zuwa 6.9, a mai 240 ya koma 4.2, a mai 360 kuma 2.8.

Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon basira zai ga inda ribar ta ke. Daga 60 zuwa 144 an rage kusan milisakan 10, kuma wannan bambanci ne da kusan kowa zai gani da idonsa, ko da linzamin kwamfuta kawai ya ja a kan allon. Daga 144 zuwa 240 abin da aka rage bai kai milisakan 3 ba. Daga 240 zuwa 360 kuwa bai kai ɗaya da rabi ba. Kuɗin yana hawa, amfanin yana sauka. Ƙwararren da ke gasa a kan maƙudan kuɗi yana iya cewa milisakan ɗaya ma abin nema ne, kuma ba mu ƙaryata shi ba. Amma ɗalibin da ke wasa da abokansa bayan sallar isha ya tambayi kansa ko shi ma yana cikin wannan sahu.

Abu na biyu, wanda shi ne ya fi cin mutane, shi ne allo ba ya ƙirƙirar hoto, nunawa kawai ya ke yi. Mai ƙirƙirar hoton shi ne katin zane da ke cikin kwamfutar, tare da ƙwaƙwalwarta. In katin hotuna 50 ya ke iya fitarwa a sakan, to ko an haɗa shi da allo mai 240, hotuna 50 za a gani. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai na aikin ofis ne, an yi su don rubutu da lissafi, ba su da katin zane na musamman, kuma da ƙyar su ke kai 60 a manyan wasanni na zamani. Saboda haka kafin mutum ya taka zuwa kasuwa, ya fara buɗe wasan da ya fi yi, ya kunna ma'aunin da ke nuna yawan hotuna a sakan, ya ga abin da na'urarsa ke iyawa. Wannan lamba ita ce za ta gaya masa allon da ya dace da shi.

Haka kuma a lura da yawan ɗigon da ke allon, domin kowane ɗigo aiki ne a kan katin. Allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Mai 2560 sau 1440 yana da 3,686,400. Wanda ake kira 4K kuwa, watau 3840 sau 2160, yana da 8,294,400, ninki huɗu ke nan na na farko. Katin da ke gudu sosai a kan na farko zai yi ɗingishi a kan na ƙarshe. Wanda ya ce yana son 4K kuma yana son 144, to ya sani ya ɗauko wa kansa sayen katin da kuɗinsa zai iya ninka na allon.

Abu na uku, wasan da kansa. Masu harbe-harbe irin Counter-Strike 2 da Valorant su ne suka fi cin moriyar allo mai sauri, domin a cikinsu ana juyawa da gaggawa ana bin abokin gaba da ido. Amma akwai wasannin da masu su suka ɗaure a kan hotuna 60 a sakan, kamar Tekken 8 da Elden Ring, kuma babu allon da zai kwance wannan ɗauri. Masu wasa da PlayStation 5 ko Xbox Series X, waɗanda suka fito a 2020, su sani iyakar waɗannan na'urori 120 ce, kuma ba kowane wasa ke kai nan ba. Mai PlayStation 4 kuwa, wadda ita ce ta cika gidajen wasan ƙwallo na unguwanninmu, 60 ce iyakarsa. Sayen allo mai 240 domin irin wannan na'ura kamar sayen sirdi ne mai tsada ga wanda ba shi da doki.

Akwai kuma wata matsala da masu tallan ƙasashen waje ba su cika ambata ba, domin ba ta dame su kamar yadda ta dame mu ba, watau nisa. Mai wasa ta intanet saƙonsa ya kan tafi wata babbar kwamfuta ya dawo, kuma sau da yawa wannan kwamfuta tana Turai ko Afirka ta Kudu. Haske a cikin wayar gilashi ya kan yi gudun wajen kilomita 200,000 a sakan, saboda haka tafiyar kilomita 5,000 da dawowa ba za ta gaza milisakan 50 ba, tun kafin a ƙara jinkirin tashoshin da ke kan hanya da cunkoson layin waya. Wanda saƙonsa ke ɗaukar milisakan 100 ko fiye, ya kuma kashe dukiya don ya ceto milisakan 3 daga allo, lalle ya bar jaki yana dukan taiki. Ya fi masa ya gyara layinsa, ya haɗa kwamfutar da waya maimakon ta iska in hali ya yi.

Ga wanda ya auna duk waɗannan ya ga lalle yana buƙatar sabon allo, ga abin da mu ke ba da shawara ya duba. Na farko, ya nemi allon da ke daidaita saurinsa da na katin zane. In babu wannan daidaito, hoto ya kan tsage biyu, rabin sama dabam, rabin ƙasa dabam. Kamfanin Nvidia ya fito da G-Sync a 2013, AMD ya biyo da FreeSync a 2015, kuma tun 2019 katunan Nvidia na iya aiki da alluna da yawa masu FreeSync. Wannan dabara ta fi amfani ga mai matsakaicin kati, wanda hotunansa ke hawa suna sauka, fiye da ƙarin lambar Hz.

Na biyu, kada rubutun “1ms” da ke jikin kwali ya ruɗe shi. Wannan shi ne lokacin da ɗigo ke ɗauka kafin ya sauya launi, kuma a kan auna shi ne a yanayi mafi sauƙi, wani lokaci da wani saiti da ke sa hoto ya riƙa jan inuwa a bayansa. Irin gilashin allon ya fi wannan lamba faɗin gaskiya. Mai TN yana da sauri da araha, amma launinsa ya kan dushe in an kalle shi daga gefe. Mai VA baƙinsa ya fi ƙarfi, sai dai ya kan yi jan ƙafa a wurare masu duhu. Mai IPS yana da kyakkyawan launi daga kowane ɓangare, kuma na yanzu suna da isasshen sauri. Mai OLED ya fi su duka sauri, ya kuma fi su tsada, ga shi hoton da ya daɗe wuri guda yana iya barin tabo a kansa. Ɗalibin da zai rubuta kundinsa na ƙarshe a kan allon da zai yi wasa da shi, mu a ganinmu IPS ne nasa.

Na uku, waya da ramin da za a soka ta. HDMI iri-iri ne: na 2.0 ya kan ɗauki 4K sau 60 ne a sakan, sai na 2.1, wanda ya fito a 2017, ke kai wa 120. Alluna da yawa ba sa ba da cikakken saurinsu sai ta DisplayPort. Bayan an haɗa kuma sai an shiga saitin Windows an zaɓi saurin da hannu, domin sau da yawa a kan 60 ya ke tsayawa, mutum ya yi ta yabon allonsa alhali bai taɓa ganin abin da ya biya ba.

Na huɗu, gani ya kori ji. Mai sayen na hannu ya sa a kunna masa a gabansa, ya tabbatar lambar da aka faɗa ta bayyana a saiti, ya cika allon da fari sannan da baƙi don ya ga matattun ɗigo, ya kuma karɓi rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce. Ya ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun kafin ya saya, domin kowa ya san yadda wutarmu ke zuwa da ƙarfi bayan ta ɗauke.

Idan aka tara waɗannan duka, amsarmu ga mafi yawan masu karatu ita ce allo mai inci 24, mai 1920 sau 1080, mai gilashin IPS, mai saurin 144 ko 165, mai FreeSync. Wanda na'urarsa ba ta wuce 60 kuwa ya riƙe allonsa, ya tara kuɗin kati tukuna.

Saura maganar aljihu, wadda ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. A shekarar ce kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki, da kuɗin ɗawainiya Naira 20,000 a wata, kuma bashi ne wanda za a fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Duk allon nan daga waje ake shigo da su, da dala, kuma kowa ya ga abin da ya sami Naira tun da aka sake ta a 2023. Ga kuma wuta: a watan Afrilu na 2024 aka kai kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga masu rukunin A. In muka ƙaddara kwamfuta da allo suna jan wat 400, ana wasa awa huɗu kullum, yunit 48 ke nan a wata, watau Naira 10,800 a wancan farashi, fiye da rabin kuɗin ɗawainiyar ɗalibi. Kuma gwargwadon yawan hotunan da aka tilasta wa kati ya fitar, gwargwadon wutar da zai sha.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa ɗalibai da kada kowa ya taɓa kuɗin lamuni, ko na rajista, ko na littattafai, don sayen allon wasa. Ma'aikacin da ya fara karɓar albashi kuma kada ya ɗauki kaya bashi domin ya burge abokan aiki, alhali kuɗin haya na jiransa. Muna kuma roƙon shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai su duba yiwuwar tanadar 'yan na'urori a ɗakin shaƙatawa, a riƙa shiga bi da bi a kan kuɗi kaɗan, a rufe lokacin jarrabawa. Ta haka mai sha'awa zai gwada 60 da 144 da idonsa kafin ya yanke shawara, wanda ba shi da hali kuma ba zai ji an bar shi a baya ba. 'Yan sashen kimiyyar kwamfuta da na injiniya su ma suna da aiki a nan: su riƙa raka 'yan uwansu kasuwa, su karanta musu abin da ke jikin kwali.

Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya ba mu ikon sanin abin da mu ke saye, ya kuma sa mu fita daga wannan jami'a da takardar da muka zo nema, amin.