GMAT: Awon Tunani Ne, Amma da Mudun Wane Harshe?

Duk ɗalibin da ya kammala lisansi, ya kuma sa ran shiga ɗaya daga cikin manyan makarantun koyon harkokin kasuwanci na ƙasashen waje domin neman digirin MBA, da wuya ya kai ƙarshen takardun neman gurbi bai ci karo da haruffa huɗu ba: GMAT. Jarrabawa ce mallakar ƙungiyar GMAC mai mazauni a jihar Virginia ta Amurka, kuma makarantu sama da 2000 a duniya suna duba sakamakonta kafin su ba mutum kujera. Masu ita suna gabatar da ita a matsayin ma'aunin tunani, wato yadda mutum ke warware matsala da yadda yake auna hujja. Maganar tasu gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. Ta cikin Ingilishi ake auna wannan tunanin, kuma wani Ingilishi ne na musamman, saboda haka wanda ya tashi da Hausa ko Zabarmanci a gida, ya yi karatunsa da Faransanci, jarrabawa biyu yake zaunawa a lokaci guda, a ba shi maki ɗaya.

Tarihinta ba mai tsawo ba ne. A shekarar 1953 wakilan makarantun kasuwanci 9 na Amurka, cikinsu har da na Harvard da Columbia da Chicago, suka haɗa kai da hukumar shirya jarrabawa ta ETS domin a samar musu da ma'auni guda na tantance masu neman gurbi, tun da yake makin da jami'o'i daban-daban ke bayarwa ba ya kwatantuwa. A 1954 aka yi zaman farko, a 1976 ta samu sunan da aka san ta da shi yau, a 1997 kuma ta bar takarda ta koma kwamfuta. Tun farko dai a jikin ɗalibin Amurka aka ɗinka rigar, daga baya ne sauran duniya ta zo tana gwada ta.

Sigar da ake yi yanzu ta fito ne a watan Nuwamba na 2023, aka janye tsohuwar a farkon 2024. Sassa 3 gare ta, kowane minti 45, jimilla awa 2 da minti 15, da hutun minti 10 ga wanda ya so. Sashen lissafi tambayoyi 21 ne, kuma bai wuce lissafi da aljabara irin na kwaleji da lise ba, amma ba a yarda da na'urar lissafi a cikinsa ba. Sashen magana tambayoyi 23 ne, wasu kan fahimtar rubutu, wasu kan auna hujja. Na ukun, mai tambayoyi 20, shi ne na karanta bayanai: jadawali, zanen ƙididdiga, da takardu biyu ko uku da za a haɗa a fitar da amsa. Kowane sashe yana da maki daga 60 zuwa 90, jimillar tana tashi daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki har shekara 5. Ɗalibi ne ke zaɓen sashen da zai fara da shi, yana kuma da damar komawa ya sauya amsa 3 a kowane sashe. Wanda ya ji magabata suna ambaton 700 a matsayin makin shiga manyan makarantu, ya sani 645 ne kwatankwacinsa a sabon ma'auni.

Abin da ya raba ta da jarrabawar da aka saba a aji shi ne kwamfutar tana bin sawun mai amsawa. In ya ci tambaya, sai ta miƙo masa wadda ta fi ta tsauri, in ya faɗi, sai ta sassauta. Makin ƙarshe ya rataya ne ga wuyar tambayoyin da ya iya ci tare da yawansu, kuma barin tambayoyi ba amsa idan lokaci ya ƙare yana rage maki ƙwarai. A sashen magana, in aka raba minti 45 ga tambayoyi 23, kowace ba ta samun cikakken minti 2, kuma a ɗan wannan tsakanin ne za a karanta sakin layi, a duba zaɓi 5, a yanke hukunci. Mai karanta Ingilishi yana juya shi zuwa Faransanci a zuci kafin ya fahimta, lokacinsa zai ƙare tun basirarsa ba ta samu filin nuna kanta ba.

Gyaran 2023 ya cire rubutun insha'i, ya cire lissafin siffofi, ya kuma cire tambayoyin gyaran jimla, waɗanda a da ake ba mutum jimla mai kuskuren nahawu ya zaɓi madaidaiciyarta. A zahiri wannan albishir ne ga wanda Ingilishi ba harshensa ba ne. Mai nazarin harshe kuwa yana da dalilin yin shakka. Gyaran jimla shi ne ɓangaren da ya fi koyuwa, domin ƙa'idojinsa ƙidayayyu ne: dacewar aikatau da mai aiki, jerin lokuta, wurin da wakilin suna ke komawa. Ɗalibin da ya sha wuyar shifta da ƙa'idojin dacewa na Faransanci tun daga firamare, wannan fage nasa ne. Da aka cire shi, abin da ya saura na harshe shi ne ma'ana, ita kuwa ba ta haddatuwa a jadawali. Ƙari a kan haka, sashen karanta bayanai, wanda a tsohuwar siga ake ba shi maki a gefe ba tare da ya shiga jimilla ba, yanzu nauyinsa ɗaya da sauran biyun, kuma cike yake da rubutu.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne sashen da kowa ke zaton ba ruwansa da harshe. A lissafin da ake koyarwa da Faransanci, kalmar “positif” ta haɗa da sifiri, sai an ce “strictement positif” sannan a fitar da shi. Haka “supérieur à” tana ɗauke da daidaito a cikinta. A Ingilishi kuwa “positive” ba ta taɓa haɗawa da sifiri, “greater than” kuma ba ta yarda da daidaito ba. GMAT tana da wani nau'in tambaya da ba a neman amsar lissafin kanta, ana ba da tambaya ne da bayani biyu, a ce mutum ya faɗi ko bayanin farko kaɗai ya isa a amsa, ko na biyu kaɗai, ko sai an haɗa su, ko kowanne ya isa shi kaɗai, ko kuwa duka ba su isa ba. A ɗauka an tambaya ko wata lamba in aka ninka ta da kanta za ta fi sifiri, bayanin farko kuma ya ce lambar “positive” ce. Ɗalibin Boston zai ce bayanin ya isa. Ɗalibin Maraɗi, wanda malamin lissafinsa ya hore shi da tuna sifiri, zai ce bai isa ba. Tunanin kowannensu daidai ne bisa ma'anar da ya taso da ita, amma ɗaya ne zai ci, kwamfutar kuma ta rubuta wa ɗayan raunin lissafi, ta sassauta masa tambaya ta gaba.

Akwai ire-iren wannan da suka fi sauƙin ganewa, amma gaggawa na sa a taka su. Waƙafin da ke cikin 1,500 yana nufin ɗaya da rabi ga wanda ya yi karatun Faransanci, ga Ba'amurke kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar ne. “Billion” ta Ingilishi ita ce “milliard” ta Faransanci, alhali “billion” ta Faransanci ta ninka ta sau dubu. “Eventually” na nufin abu zai faru a ƙarshe, “éventuellement” na nufin mai yiwuwa ne ya faru, kuma hujja guda na iya tsayuwa ko rushewa a kan wannan bambancin.

Sai dai ba duka labarin ne na asara ba, kuma nan ne ɗalibin ilimin harsuna ya kamata ya buɗe kunne. Sashen auna hujja yana wasa ne da tazarar da ke tsakanin abin da jimla ta faɗa da abin da mai sauraro ya ɗauka ta faɗa, wato batun da Paul Grice ya shahara da shi tun maƙalarsa ta 1975. In Bahaushe ya ce wasu ɗalibai sun ci jarrabawa, mai ji zai ɗauka wasu sun faɗi, ko da yake ba a faɗi haka ba. GMAT tana karanta “some” da ma'anarta ta mantiƙi: aƙalla ɗaya, mai yiwuwa ma duka. Wannan tarko yana kama har waɗanda aka haifa cikin Ingilishi, amma wanda ya zauna ajin ilimin ma'ana ya riga ya san shi. Hausa ma tana da nata taimakon. Bambancin “if” da “only if”, wanda littattafan shiri ke ɓata shafuka suna bayani, yana nan a bakin kowane manomi: “idan aka yi ruwa, ƙasa za ta jiƙe” daban take da “sai an yi ruwa za a yi shuka”. Ta farko ta ce ruwa ya isa, ta biyu ta ce ba makawa sai da shi, ba tare da ta yi alkawarin cewa shi kaɗai ya wadatar ba. Kalmar “sai” tana ɗauke da darasin mantiƙi sukutum.

Haka tambayoyin neman ɓoyayyen zato. A ce ɗan kasuwa ya rage farashin sukari, cinikinsa ya ƙaru a wannan watan, ya yanke cewa ragin ne ya jawo masu saye. Tambayar za ta nemi abin da ya ɗauka a matsayin gaskiya bai furta ba, wato cewa babu wani dalili na daban, kamar shigowar watan azumi ko rufewar shagon maƙwabcinsa. Tono abin da mai magana ya gina maganarsa a kai bai faɗa ba aikin yau da kullum ne a nazarin zance.

Masu kare jarrabawar suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Karatun MBA a waɗannan makarantu da Ingilishi ake yin sa, har a INSEAD da HEC da ke Faransa, kuma ɗalibi zai karanta shafuka masu yawa kowane dare ya tashi ya yi muhawara a kansu da safe. Ma'aunin da ya nuna wanda zai iya ɗaukar wannan kaya bai yi laifi ba. Matsalar ita ce yawancin makarantun suna neman TOEFL ko IELTS daban daga wanda bai yi karatu da Ingilishi ba. Ke nan ana auna harshensa sau biyu, sau ɗaya a fili, sau ɗaya a ɓoye, tunaninsa kuma ba a auna shi shi kaɗai ko sau ɗaya ba. Kwamitin da ya ga 585 daga Yamai da 585 daga Landan ya ɗauke su abu guda, ya yi wa alƙaluman karatun da ba su cancanta ba.

Faransa ta nuna cewa irin wannan awo ba gadon Ingilishi ba ne. Jarrabawar TAGE MAGE, wadda gidauniyar FNEGE ke shiryawa da Faransanci, ana kuma ba ta maki bisa 600, tana da sashen fahimtar rubutu da na lissafi da na auna hujja, har ma da nau'in tambayar nan ta isar bayani. Makarantun kasuwanci da dama na Faransa suna karɓar ta a matakin masta. Ga ɗalibin Damagaram ko Tawa da ke nufin can, ya dace ya bincika wadda makarantar ke karɓa kafin ya ɗaura wa kansa Ingilishin da ba a nema ba. Haka ma GRE, wadda makarantu da yawa ke karɓa a madadin GMAT, ko da yake ita ta fi matsa wa mutum kan yawan kalmomi.

Zancen kuɗi ma ba ƙarami ba ne. A Amurka zama ɗaya dala 275 ne a cibiyar jarrabawa, 300 kuma in a gida za a yi ta intanet. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ba, wato sama da jika 150 na sefa, kuma in aka faɗi sai an sake biya. Kundin da Nijar ta kafa a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harshen aiki. In har da gaske ake, sassan ilimin harsuna da na Ingilishi suna da aikin da ba wanda zai yi musu: tattara kalmomin lissafi da na mantiƙi na harsunan uku, a jera su gefe da gefe, a nuna inda suka dace da inda suka saɓa. Kafin a samu wannan, GMAC tana ba da jarrabawar gwaji 2 kyauta a shafinta na mba.com. Ɗalibin da ya yi ta farko, ya ware kurakuransa gida biyu, na rashin gane tambaya da na rashin iya warware ta, zai san ko littafin lissafi zai nema ko kuwa watanni na karatun jaridun tattalin arziki da Ingilishi, agogo na gefensa.