Wa Ke Ɗauke Da Tsofaffinmu?

Duk lokacin da aka yi taron ƙara wa juna sani game da al'adu a wannan jami'a tamu, ba a rasa mai jawabin da zai miƙe ya bugi ƙirji ya ce mu ba kamar Turawa mu ke ba, waɗanda kan kwashi iyayensu su kai gidan tsofaffi su baro su can. Sai ka ji ɗaki ya ɗauki tafi. Ba na musun cewa riƙon iyaye a gida abin alfahari ne, addini da al'ada duka sun ɗora mana shi. Amma fa akwai wata tambaya da ba a yi wa mai jawabin: a cikin gidan nan da mu ke taƙama da shi, wane ne takamaimai ya ke tashi da tsakar dare ya kai tsoho bayan gida? Lalle dai ba mai jawabin ba ne, domin shi yana nan cikin harabar jami'a tare da mu.

Bari mu fara fayyace aikin da mu ke magana a kansa, don sau da yawa a kan rikita shi da aikin asibiti. Likita ya kan duba tsoho cikin 'yan mintoci, ya rubuta masa maganin hawan jini ko na ciwon suga, ya sallame shi. Sauran yini da dare kuwa ba allura a ciki, ba ƙarin ruwa. Wanka ne, da canja tufafi, da wankin zanen gado, da dama kunu a ba shi a baki cokali-cokali ba tare da ya sarƙe ba, da riƙe masa buta ya yi alwala, da tuna masa lokacin shan magani, da zama kusa da shi a taya shi hira don kada kaɗaici ya cinye shi. In kuwa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, to, sai an riƙa juya shi kamar bayan kowane awa 2, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige ta mutu, gyambo ya buɗe, wanda kan yi watanni bai warke ba. Sa'an nan a dubi yadda yawancin gidajenmu su ke: masai na tsuguno, dokin ƙofa mai tudu, shimfiɗa a ƙasa. Duk waɗannan ba kome ba ne ga mai ƙarfin gwiwa, amma ga ɗan shekara 80 kowannensu tarko ne, kuma faɗuwa guda ta isa ta karya masa ƙugu ya kwanta ke nan har ƙarshen rayuwarsa.

Ba tsofaffi kaɗai ne ke bukatar irin wannan hidima ba. Akwai magidancin da haɗarin mota ya taɓa masa laka, akwai wanda aka haifa da naƙasa iyayensa kuma sun tsufa. Sai dai tsofaffi su ne mafi yawa, don haka a kansu zan fi tsayawa.

To, wa ke yin aikin? Kowa ya leƙa gidansu ya san amsa. Ko dai suruka, watau matar ɗan da ya rage a gida, wadda ke da nata goyon da nata girkin. Ko ƙanwar da aurenta ya mutu ta dawo, aka ga ai ta samu abin yi. Ko kuwa jika 'yar shekara 12 da aka ce ta je ta zauna da kaka "na ɗan lokaci", ɗan lokacin nan ya cinye mata zangon karatu uku, daga nan ba a sake ta da zancen makaranta ba. In gidan masu hali ne, sai a ɗauko yarinya daga ƙauye a haɗa mata shara da wanke-wanke da jinya, a kan ladan da ba zai sayi buhun gero ba. Babu ɗaya daga cikinsu da aka taɓa nuna wa yadda a ke ɗaga mutum daga shimfiɗa ba tare da bayan mai ɗagawa ya ƙage ba. Babu wadda aka gaya wa cewa tsohuwar da ta fara mance sunan 'ya'yanta, tana zargin kowa da sata, tana fita da dare, ciwo ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Mu kan ce gigin tsufa ne mu yi dariya, a wasu wurare ma har a jefe ta da maita.

Sha'anin tsoho namiji ya fi wuya, musamman wanda matarsa ta riga shi. Kunyar da ke tsakanin suruki da matar ɗansa ba ta barin ta yi masa wanka ko ta kai shi kewaye, 'yarsa ma da ƙyar. 'Ya'yansa maza kuwa suna kasuwa ko ofis. Sau nawa a kan iske dattijo a ɗakin zaure ya yini cikin najasarsa, yana jin nauyin ya kira wani, har sai wani almajiri ya shigo neman aiki?

A zamanin da gandu ke da ƙarfi, 'ya'ya da matansu da jikoki duk suna gida guda ƙarƙashin uba, hannuwa suna da yawa, nauyin ya kan rabu ba tare da an ji ba. Mu 'yan boko muna cikin waɗanda suka warware wannan tsari, ba da mugun nufi ba. Daga jami'a sai hidimar ƙasa, daga nan sai a tura mutum Abuja ko Legas ko Fatakwal. Ƙarshen wata ya aika da kuɗi ta waya, ya bugo ya tambaya, "Baba, an ga saƙo?" Baba ya sa albarka, shi ke nan zuciya ta kwanta. Kuɗin yana da amfani, ba shakka, shi ke sayen magani da abinci. Amma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, kuɗi kuwa ba ya juya majinyaci da ƙarfe 2 na dare. Abin da ya fi damuna shi ne mai aiko da kuɗin shi ke kwashe yabo ranar Salla, wadda ta yi wata 12 tana wankin kashi kuwa sai dai a ce mata Allah ya ba da lada.

Kada a ce matsalar ƙarama ce don ƙasarmu ta matasa ce. Waɗanda suka haura shekara 60 a Nijeriya kimanin kashi 5 cikin 100 ne, amma a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200, wannan ya kai wajen mutum miliyan 10. Galibinsu manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda tsarin fansho na 2004, da gyaran da aka yi masa a 2014, bai taɓa su ba sa'ad da su ke da ƙarfin aiki.

Ƙasashen da mu ke yi wa gori su ma sun bi ta wannan hanya, kuma a gida a ke jinyar yawancin tsofaffinsu, saɓanin abin da mu ke faɗi a taro. A 1976 Ingila ta fara biyan alawus ga wanda ke ɓatar da aƙalla awa 35 a mako yana kula da naƙasasshe a gida. Sai dai an hana matan aure, bisa ga zaton cewa ai dama a gida su ke, aikin nasu ne. Wata mata mai suna Jacqueline Drake, wadda ta bar aikinta don jinyar mahaifiyarta, ta kai ƙara, a 1986 kotun Tarayyar Turai ta ba ta gaskiya, aka buɗe wa matan aure ƙofa. Ashe tunanin nan na "ai aikinta ne" ba mu kaɗai ke da shi ba.

Jamus ta kafa inshorar jinya ta tilas a 1995, ana cirewa daga albashi, ma'aikaci da mai ba shi aiki kowa da kasonsa. Wanda ya gaza yana da zaɓi: ko a turo masa ma'aikatan da za su riƙa zuwa gida, ko a ba shi kuɗi a hannu ya sallami ɗan'uwan da ke kula da shi. Har ma inshorar ta kan zuba wa mai jinyar kuɗin fansho in ya cika sharuɗɗa, don kada ya tsufa hannu wofi saboda ya riƙe wani tsohon. Japan, inda waɗanda suka haura shekara 65 suka kai kusan kashi 29 cikin 100, ta fara tata inshorar a watan Afrilu na 2000. Duk wanda ya kai shekara 40 yana zubi, gwamnati na kawo rabi daga haraji, ƙaramar hukuma ta auna gazawar tsoho, sa'an nan a turo masa masu wanka da girki da sauran hidima, shi kuma ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin, masu hali su biya fiye da haka. Amma Japan ta ƙi ba iyali kuɗi a hannu. Masu fafutukar mata, irin su Keiko Higuchi, su ne suka tsaya a kan haka, suna ganin in aka ba da kuɗin, zai zama igiyar da za a ƙara ɗaure suruka da ita, a ce ai ana biyan gidan, me za ta ce?

Wannan gardama ta Jamus da Japan ita ce ya kamata mu yi a nan, don surukar Japan da tamu kusan halinsu ɗaya. A ganina Japanawa sun gano ciwon daidai: kuɗin da aka miƙa wa gida a dunƙule aljihun maigida ya ke shiga. Amma Jamusawa ma sun yi gaskiya da suka yarda cewa hidimar 'yar'uwa aiki ce mai daraja da ta cancanci sakamako. Abin da zai dace da mu shi ne a haɗa biyun: kuɗi ya shiga hannun mai aikin ita kanta, kuma a samo mata wanda zai riƙa karɓar ta ko da kwana 2 ne a mako, ta huta, ta je gidansu, ta yi barci.

Na san inshora irin tasu ta yi mana nisa, tun da yawancin jama'armu ba su da albashin da za a cira. A takarda dai mun fara motsi. Jihar Ekiti a zamanin Gwamna Kayode Fayemi ta fara ba tsofaffi marasa galihu 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata a 2011. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, a shekarar kuma aka amince da manufar ƙasa game da tsufa. Madalla. Sai dai tsakanin ofis a Abuja da ɗakin tsohuwa a ƙauyen Gumel akwai tafiya, kuma tsohuwar ba za ta iya jira ba.

Abin da ke hannunmu a yau shi ne 'yan'uwa su zauna su yi lissafi a fili. In mu biyar ne, huɗu suna aiki a birni, ɗaya tana gida da Inna, to, a yanka mata albashi na wata-wata, dabam da kuɗin cefane, dabam da na magani. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ga ma'auni nan. In ba a kai nan ba, a yi abin da za a iya, amma a kira shi da sunansa, kada a mai da shi kyauta da a ke yi in an ga dama. Na san wani zai ce, "Haba! A biya mutum don ya yi wa uwarsa hidima? Ina lada?" To, ungozomar da ke yanke cibi ta tsaya a kan wankan jego, kyauta ta ke yi? Wanzami fa? Likitan da ya ceci rai, albashinsa ya hana shi lada? Al'adarmu ba ta taɓa jin kunyar sallamar wanda ya yi hidimar jiki ba, sai da aka zo kan 'yar gida.

Ga yarinyar da a ke cirewa daga makaranta kuwa, ban ga wani uzuri ba. Ɗan jami'ar da ya yarda aka fitar da 'yar wansa daga aji don ta zauna da kakarsu, shi kuma ya ci gaba da karatunsa, ya sani da makomarta aka biya masa kwanciyar hankali.

Maganar koyarwa ba ta bukatar dogon shiri. Jihohinmu suna da makarantun koyon aikin lafiya, za su iya buɗe kwas na 'yan watanni ga mata da maza masu son wannan sana'a: ɗagawa da juyawa, wankan kwance, ciyarwa, gane alamun da ke cewa a garzaya asibiti, da haƙuri da mai ruɗewar tsufa. Na ce da maza, don samari nawa ne ke zaune a bakin titi ba aikin yi, alhali ga dattawa can a zaure ba mai yi musu wanka? Tsoron da a ke yi na shigar da baƙo cikin gida, kada ya yi sata ko ya wulaƙanta tsoho in ba kowa, tsoro ne na gaskiya. Don haka sai ƙaramar hukuma ta riƙe rajistar waɗanda aka koyar, kowanne da mai tsaya masa wanda mai unguwa ya sani, a kuma riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba.

Saura yayyenmu ma'aikata. Ƙa'idodin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi hutun haihuwa ga mata, a 2021 aka amince da kwana 14 ga mijin da matarsa ta haihu, akwai kuma hutun da a kan ba mutum ya je jana'izar mahaifinsa. Me zai hana a ba shi damar zuwa tun mahaifin yana numfashi? A Japan doka ta ba ma'aikaci har kwana 93 don jinyar kowane ɗan'uwa na kusa, kuma yana iya raba su kashi uku. Ko kwana 30 aka samu a nan, ya ishi mutum ya je ya gyara masai, ya rage dokin ƙofa, ya samo gado, ya nemo mai taimako, ya karɓi ƙanwarsa ta huta. Ƙungiyoyin ƙwadago sun saba zama da gwamnati a kan alawus na mota da na gida. A zama na gaba su sa hutun jinyar iyaye cikin takardar.