Gadon Farfesa Bande: ilimin Kuru bai iso bakin iyaka ba

Duk wanda zai lissafa 'yan arewacin Najeriya da suka yi fice a diflomasiyya, da wuya ya tsallake Farfesa Tijjani Muhammad-Bande. Ɗan Zagga ne a jihar Kebbi, an haife shi a 1957. Ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato daga 2004 zuwa 2009, sannan ya riƙe Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa, NIPSS, da ke Kuru kusa da Jos, daga 2010 zuwa 2016. A 2017 ya zama wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2019 kuma aka zaɓe shi shugaban babban zaurenta karo na 74. Annobar korona ta same shi a kan kujerar, zauren ya ci gaba da zartar da ƙudurori ba tare da wakilai sun taru ba.

Ɗan Najeriya ɗaya ne ya riga shi hawa wannan kujera, marigayi Janar Joseph Garba, a 1989. Shi ma daga baya ya shugabanci Kuru, har rasuwarsa a 2002. Wato ƙasar ba ta rasa mutanen da suka haɗa nazari da iya zama da duniya ba.

To amma wane amfani gwamnati ta yi da wannan jari ranar da aka fi buƙatarsa?

An kafa NIPSS a 1979 don a riƙa tunani kafin a yanke hukunci. Kowace shekara manyan jami'an gwamnati da hafsoshin soja kan yi watanni a can, su rubuta rahoto, su miƙa wa shugaban ƙasa. Sai ga shi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, cikin 'yan kwanaki CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta katse wutar lantarki, har ana maganar tura sojoji. Bande yana New York a lokacin, ba shi ya yanke hukuncin ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa. Sai dai hukuncin ya yi kama da na mutanen da ba su taɓa tsayawa tsakanin Illela da Ƙonni ranar kasuwa ba.

A Madawa da Buza da Keita, iyaka hanyar abinci ce. Albasar yankin, wadda sunan Galmi ya kai ta ko'ina, kudu take yi. Samari 'yan ci-rani Sakkwato da Kano da Legas suke nufa da zarar an gama girbi, kuma abin da suke aikowa shi ke riƙe gidaje har damina. Ta ɗaya ɓangaren, mutanen gabashin Sakkwato da 'yan bindiga suka kora, a Bangi ta gundumar Madawa da yawansu suka sami mafaka. Ko ruwa bai san shinge ba: Majiya da ke ratsa ƙasar Buza tana gangarawa har cikin Najeriya, shi ya sa tana cikin yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990. Akwai ma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, ofishinta a Yamai. Duk waɗannan a rubuce suke. Karanta su ne ba a yi ba, ko an karanta an ajiye.

Sakamakon kowa ya gani. Sojoji ba su sauka ba, talaka ne ya sha wuya. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar kuma ta kammala ficewa daga CEDEAO a Janairun 2025.

Masu kare Kuru za su ce aikin cibiya shawara ne, ba zartarwa ba. Gaskiya ne, amma a nan giɓin gadon Bande da takwarorinsa yake. Sun gina cibiyar da ke magana da fadar shugaban ƙasa kaɗai, da Turanci, a ɗaki rufe. Rahoton da jama'a ba su gani ba, babu mai tambayar gwamnati dalilin watsi da shi. Da ana fitar da binciken kan iyaka da Hausa, a rediyo da wayoyin matasa, da ɗan kasuwar Madawa da ɗan majalisar Illela sun sami hujjar riƙewa tun kafin a sa kwaɗo.

Yamai ma ba ta tsira daga wannan zargi ba. Tana da jami'a a Tawa, tana da cibiyoyin bincike, amma ba kasafai ake jin an nemi ra'ayinsu a fili ba kafin manyan matakan da suka shafi maƙwabta.

Bande yana raye, kuma Sakkwaton da ya yi wa shugabancin jami'a ba ta da nisa da Tawa. Jami'o'in biyu za su iya buɗe zauren nazarin iyaka na dindindin, da ƙididdigar kaya da mutanen da ke ƙetarawa, a buga kowa ya gani. Kaɗan ne ke da ƙimar da za su kira Abuja da Yamai a kan haka a ɗaga musu waya, kuma shi yana cikinsu.