Kowane harafi da lambarsa

Duk ma'aikacin da ya taɓa buɗe jerin sunaye cikin kwamfuta ya tarar Gouré ta koma GourÃ©, Tillabéri kuma ta zama TillabÃ©ri, ya san irin wannan takaici. Wasu kan ɗora laifin bisa sakatare, wasu su ce injin ne ya tsufa. Galibi ko ɗaya ba shi ne ba.

Kwamfuta dai ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. A shekarar 1963 Amurkawa suka fitar da tsarin ASCII mai gurabe 128, inda babban A ya samu lamba 65. Sun auna rigar da jikinsu ne: Ingilishi ba ya ɗora alama bisa kan wasali, saboda haka é da è da ç ba su samu wuri ba. Sai a 1987 tsarin ISO 8859-1 ya faɗaɗa guraben zuwa 256 domin harsunan yammacin Turai, é ta samu 233. Ko a nan ma an bar œ a waje, duk da Faransanci na aiki da ita. In haka ta samu Faransanci, ina ga Hausa? Su ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba su cikin lissafin kwata-kwata.

An yi shekaru ana dabara. Masu ɗab'i kan ƙera nasu salon haruffa, su kori wata alama daga gurbinta su zaunar da ƙ a wurin. Takardar na da kyau matuƙar tana cikin injin da ya haife ta. Da an kai ta wani biro sai ta koma shirme.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya raba gardama: kowane harafi na duniya ya samu lamba ɗaya tak, tasa ta kansa. Ƙaramar ƙ ta samu 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ kuma 599. Amma lambar da ta wuce 255 ba ta shiga gurbi guda, shi ya sa a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wadda ke rubuta duk harafin da ke wajen ASCII da gurabe biyu ko fiye. A cikinta é ta zama 195 da 169. Injin da ya karanta su da tsohon tsari sai ya ga haruffa biyu dabam, wato Ã da ©. Asalin GourÃ© ke nan. Rubutun bai lalace ba, a sake buɗe shi da UTF-8 kawai.

Akwai wani tarko mai wuyar gani. Ana iya rubuta é a dunƙule, ko kuma e da alamarta a biye. Ido ba ya bambanta su, amma wasu injuna na bambantawa, har a nemi suna cikin jeri a rasa alhali yana nan.

Saura bugawa. Allon AZERTY da ya cika ofisoshin Nijar ya ware wa é, è, ç, à da ù maɓallai, amma bai san da ƙugiyar Hausa ba. Ko babbar É ma, a Windows sai an danne Alt an buga 0201. A cikin Word kuwa, wanda ya rubuta 0199 ya danna Alt da X zai ga ƙ ta fito. 0253 na ba da ɓ, 0257 ɗ, 01B4 kuma ƴ. Lambobin nan ne na ɗazu, an dai ƙirga su da lissafin sha shida-sha shida. A talho abin ya fi sauƙi, tun da akwai allon Hausa da ake zaɓa cikin saitin harsuna.

Duk da haka mutane da yawa na zubar da ƙugiya, wai ai za a gane. Ba kullum ba. Ɗan kasuwar da ke Maraɗi, in yaronsa ya aiko daga Damagaram cewa «direba ya bata jika ɗari», sai ya buga waya kafin ya san ko Hajiya aka miƙa wa kuɗin ko kuwa an ɓata su ne.